Layin Kaoussara

Sukra, Sabha
Litinin

Zuwa ga ƙanena Sabiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Batul da 'yata Nazira, da fatan Misrata ta karɓe ku lafiya. Gaisuwar ke nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Tunda ka mayar da wayarka kayan ado, in kira ka ƙi ɗauka, in turo murya ka ƙi buɗewa, na ba Kamilu direba wannan takarda. Na ce ya danƙa maka hannu da hannu, ya kuma tsaya a kanka har ka ba shi amsa.

Ka tuna ni na kai ka gaban Dakta Ibtissam. Shekarun da na yi a asibitin haihuwarta ina wanke jini, ina yi wa matanmu tafinta, su na jingina na ce mata ƙanena ya san kwamfuta kamar yunwar cikinsa. Ta ba ka aikin kwashe bayanan asibiti daga tsohuwar na'urar nan, baƙin akwatin da ke gurnani a ɗakin baya, zuwa sabuwar kwamfutar da suka sayo. Ka zauna gaban allo mai koren rubutu kana shanye mini shayi, ka ce ka gama, ka kwashi iyalinka ka tafi. Ko sallamar kirki ba ka yi mini ba.

To ga abin da ka bari. Ka san Maïmouna ta Damagaram, matar marigayi Lamine magini, wanda ya faɗo daga bene a unguwar Jadid. Tana son komawa gida da 'yarta Kaoussara. Ta yi rajista a ofishin masu mayar da baƙi ƙasashensu, an sa ta a jirgin ƙarshen wata. Amma sun ce ba za su ɗora yarinyar ba sai da shaidar cewa ita ta haife ta, saboda masu safarar yara sun ɓata wa kowa hanya. Takardar da muka ba ta ranar haihuwa kuwa ruwan bara ya cinye ta, tare da katifa da rabin ɗakin. Sai ta zo mu buga mata wata, abin da a da ake yi kafin ruwan shayi ya tafasa.

Aka buɗe sabuwar kwamfuta, babu Kaoussara. Babu Maïmouna. Na ce a gwada sunan uban, a gwada da Larabci, a gwada da boko, a gwada ranar. Wayam. Yarinyar da na karɓa da hannuna na yanke wa cibi, yau kwamfutarka ta ce ba a haife ta ba, alhali tana tsaye a gabanmu tana tsotsar yatsa.

Na roƙi Dakta ta rubuta da hannu ta buga hatimi. Ta ce ba za ta sa hatiminta a kan abin da ba ya cikin rajista ba, kuma ofishin lambar haihuwa suke nema, ita ba ta haddace ba. Ban ga laifinta ba. Naka nake gani.

Tsohuwar na'urar tana nan an zare mata wayoyi. Surukin Dakta da ke riƙe da ofis, wanda ya ce dole mu kira shi Mudir, ya riga ya yi wa Djamilou mai sayen tsoffin ƙarafa alkawarinta. Duk Sabha ba wanda ya san yadda ake tashinta sai kai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Sabiru. Ka gaya mini inda ka zubar da 'yar mutane.

Ka shafa mini kan Nazira. Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Murja

Misrata
Alhamis

Zuwa ga Yaya Murja,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, Batul da Nazira suna amsawa. Takardarki ta iso. Kamilu ya cika umarninki sarai, ya tsaya a kaina a gaban sabon maigidana kamar ya kama ɓarawon akuya. Na gode da wannan karamci.

Tunda an tuhume ni, bari in yi bayani, ko da yake na san ba saurare za ki yi ba. Tsohuwar na'ura tana ajiye bayani a tsarinta, wanda sabuwar ba ta ganewa. Aikina shi ne in ba ta umarni ta zubo shi a rubutu zalla. Kowace haihuwa layi guda. A cikin layin akwai lamba, sai waƙafi, sunan jariri, waƙafi, sunan uwa, waƙafi, rana, nauyi, unguwa, lambar waya, kowanne waƙafi ya raba shi da ɗan'uwansa. Irin wannan rubutu kowace kwamfuta tana karanta shi, har wayar hannu. Na ƙirga layukan da ke wurin da na kwasa, na ƙirga waɗanda suka fito, suka zo daidai. Mudir ya zaɓi sunaye da kansa muka gwada, duk suka fito, ya sa hannu. Wannan shi ne aikin, kuma na yi shi.

In sunan wata bai fito ba, ai ba ni kaɗai na taɓa na'urar ba. Akawu nawa suka zauna a kujerar nan? Sau nawa wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu? Amma tun muna Fagge haka kike, in tukunya ta fashe Sabiru ne, in kaza ta ɓata Sabiru ne. Yanzu da furfura a gemuna ban tsira ba.

Ina tausaya wa Maïmouna, Lamine mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Shawarata ta nemi shaidu cikin maƙwabta, ko shugaban 'yan Nijar ya rubuta mata wani abu. Batun tsohuwar na'ura kuma, ina roƙonki ki fita harkarta. Kada ki yi maganarta da Mudir. Ki bar Djamilou ya ɗauki kayansa ya fasa, a bar kaza cikin gashinta.

Zuwa Sabha ba zai yiwu ba. Iƙamata ta ƙare, kin kuwa san shingaye nawa ne a hanya ga wanda izinin zamansa ya mutu.

Ki huta lafiya, Allah ya huci zuciyarki.

Ƙanenki,
Sabiru

Sukra, Sabha
Lahadi

Sabiru,

Salamu alaikum, don Musulunci ya wajabta. Na karanta takardarka sau biyu, na ji kamar ina sauraren rediyo. Waƙafi, waƙafi, waƙafi. Yaron da na goya har bayana ya yi kanta, yau shi ke yi mini lacca.

Shaidu ka ce? Maƙwabtan Maïmouna wa ke da takarda a cikinsu da zai shiga ofis ya ɗaga hannu? Shugaban 'yan Nijar ya rubuta, sun karɓa sun ajiye a gefe, sun ce ba a ɗakinsa aka haihu ba.

Ka ce akawu ne ya manta. To na yi abin da kai mai ilimi ba ka yi ba. Da aka tashi aiki na sa yarinyar da ke kan sabuwar kwamfuta ta nemo mini matan da na karɓi haihuwarsu da kaina. Zaituna matar Lado mai kanti, haihuwa uku a hannuna, babu. Chamsia, babu. Rabiatou da aka yi wa aiki har ta kusa tafiya, babu. Na kira sunan 'yan Ghana, na kira na 'yan Chadi, babu ko ɗaya. Na kira sunan 'yan gari, sai ga su suna fitowa rututu. Wane irin akawu ne wannan mai mantuwa da zaɓe?

Sai na ce mata ta rubuta Nazira Sabiru. Ka ji? 'Yarka. Daren da aka haife ta kai kana waje kana safa da marwa, ni na fito na ce maka mace ce, ka yi kuka kamar an mare ka. Ita ma babu. A cewar aikin da ka ce ya zo daidai, babu baƙuwar da ta taɓa haihuwa a asibitin nan, kuma kai ba ka da 'ya. Ka je ka gaya wa Batul.

Ruwa ba ya tsami banza. Da ka ce “wurin da na kwasa” na tsaya a kan maganar nan. Ashe akwai wurin da ba ka kwasa ba? Na san ka tun kana yi wa Inna ƙarya da gaskiya rabi, kana kallon ƙasa. Ko a takarda ina ganin idonka a ƙasa. Kuma me ya haɗa ka da Djamilou da kake ɗokin ya fasa na'ura? Ya zo jiya da mota, na ce masa mukullin ɗakin ya ɓata. Mukullin yana cikin zanina, kuma a nan zai zauna.

Ko dai ganganci ka yi kana ɓoyewa don kada a ce ba ka iya ba, ko akwai abin da ya fi haka muni. Ko wanne ne, kwanaki suna tafiya, jirgi ba ya jiran mai kunya. Ga takardar Maïmouna na haɗo maka, ita ta ce za ta rubuta da kanta. Ban karanta ba. In ka iya karanta ta ka yi barci, to ba nonon Inna ka sha ba.

Ki gaida gida, Batul, ke ba ruwanki.

Murja

Unguwar Abdulkafi, Sabha

Malam Sabiru,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida madam da ɗiya. Ni ce Maïmouna, matar Lamine wanda ya gyara maka bango lokacin da ɗakinka na Sukra ya tsage. Lakkol ɗina, karatun boko, bai yi nisa ba, ka yi haƙuri da rubutu.

Ni ban san ordinatar ba, na'urar nan taku. Murja ta ce ko ɗiyata tana ciki ko ba ta ciki, kai ɗaya ka sani. Mutanen biro, ofishin jirgi, sun ce in papiye na haihuwa bai zo ba, ni in shiga jirgi, ɗiya ta zauna wajensu har a yi bincike. Na ce binciken kwana nawa, sun ce ba su sani ba. Mi zan ce ma uwar Lamine in na sauka Damagaram hannu wofi? Ɗanta yana cikin ƙasar Sabha, jikarta tana hannun waɗanda ba su jin maganarta?

Ba ni barin ta. In papiye bai fito ba, akwai motocin Agadas, hanyar da muka zo. Na san hanyar. Na ga abin da ke kwance gefenta lokacin zuwa, ba na so Kaoussara ta gani. Kuma ƙirjinta ba shi da ƙarfi, ƙura kaɗan sai tari.

Ba faɗa nike yi ba, Malam. Ba ni da ƙarfin faɗa. Layi guda Murja ta ce. In kana da shi ka ba ni don Allah, in babu ka gaya mini gaskiya in san abin da nike ciki.

Allah shi ba ka lafiya, shi raya taka.

Maïmouna

Misrata
Laraba

Yaya Murja,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki. Ki karanta wannan ke kaɗai, in kin gama ki ƙona.

Kin ce ko ganganci ko abin da ya fi muni. To ba ganganci ba ne, kuma ba zan ba ki haƙuri a kan abin da na yi ba, don gobe ma haka zan yi.

Fayil ɗin haihuwa a na'urar nan aljihu biyu gare shi, kamar tebur. Wanda ya tsara shi tun da can ya sa duk mai lambar ɗan ƙasa ya faɗa aljihun farko, wanda ba shi da ita ya faɗa na biyu, mai suna AJANIB, wato baƙi. Akawu ba ya ganin bambanci, shi dai ya rubuta suna ya fito. Umarnin fitarwa kuwa, in ka bar shi yadda yake, aljihun farko kaɗai yake ɗauka. Ni na ga na biyun tun ranar farko. Sunan da na fara nema a ciki Nazira ne, don haka ki daina yi mini gori da 'yata.

Ana gobe zan gama, Mudir ya shigo ya rufe ƙofa, ya ajiye filas na kwasar bayanan kwamfuta a gabana. Ya ce aljihun baƙi kada in sa shi a sabuwar kwamfuta, in zuba masa shi daban a nan, da unguwa da lambar waya. Yaya, satin nan ne aka yi kame a Jadid. Kin san ƙanensa, kin san motar da yake yawo a ciki ba lamba, kin san su waye ke fasa ƙofa su kwashi mutane sannan su kira danginsu a gida. Me manajan asibiti zai yi da adireshin matan da ba su da takarda? Zai kai musu barka ne?

Muddin suna cikin baƙin akwati, ba mai iya karanta su. Ranar da suka zama layi da waƙafi, kowane yaro mai bindiga zai buɗe a wayarsa ya bi gida gida. Kuma a gaban kusan rabin matan nan lambar wayarki ce, don ke kike cewa a sa taki. Na dubi Mudir na ce aljihun ya lalace, ba ya fitowa. Ya daɗe yana kallona. Washegari na kwashi iyalina. Kina tsammanin iskar teku na zo sha a Misrata?

Ban gaya miki ba saboda bakinki. Ki yi fushi in kin so. Ke ba ki taɓa jin zalunci kin haɗiye ba, da kin ji sai ki tare Mudir a tsakiyar asibiti ki zazzage masa, kuma baki shi ke yanka wuya. Na so Djamilou ya fasa ta a wuce wurin. Ban san da Kaoussara ba sai a takardarki ta farko, kuma na yi zaton shaidu za su wadatar. Takardar Maïmouna ta hana ni cin abinci.

Ga abin da za ki yi. Ranar Juma'a, da Mudir ba ya zuwa, ki mayar da wayoyin yadda na zana miki a ɗaya takardar, ki haɗa da tsohuwar kwamfutar tebur, ki tada janareta. Ki danna farin maɓalli ki yi haƙuri, tana daɗewa kafin ta farka. Kalmar shiga sunan Inna ce. Ki nemo lambar layin Kaoussara yadda na nuna. Sannan ki rubuta CPYTOIMPF ki danna F4. Inda kika ga *FIRST ki goge ki sa AJANIB. A ƙasa akwai gurabe biyu, daga layi kaza zuwa layi kaza, ki sa lambarta a duka biyun. Layinta kaɗai zai fito. Ki buga a takarda, ki goge fayil ɗin, ki ba Djamilou mukulli.

In kika bar guraben nan biyu yadda suke, duka za ta zubo. Na haɗa ki da Allah kada ki yi. Layi ɗaya, Yaya, kuma kada kowa ya ji.

Allah ya tsare ki, ko da kina zagina.

Sabiru

Sukra, Sabha
Laraba

Sabiru,

Salamu alaikum. Motar Kamilu ta lalace a Shuwairif, takardarka ba ta iso ba sai Lahadi, Juma'ar da ka ce ta riga ta wuce. Ban ƙona ta ba, ina so wata rana ka sake karanta ta da idonka.

Na yarda da abin da ka ce game da Mudir. Da ka ba shi filas ɗin nan da na cire ka daga 'yan'uwana. Wannan ka yi daidai, kuma ba zan sake faɗa ba, don haka ka adana.

Amma wa ya naɗa ka? Kai kaɗai a ɗakin baya ka yanke wa mata ɗari da ɗari hukunci cewa gara a ce ba su haihu ba. Ka tambayi ko ɗaya? Ka tsare musu ƙofa ka ƙone musu shaida, an gudu ba a tsira ba ke nan. Sannan da na rubuto maka da sunan yarinya da ranar jirgi, ka zauna ka rero mini waƙafi. Da a takardar farko ka faɗi gaskiya, da tuni Kaoussara tana wasa a tsakar gidan kakarta. Sati biyu ka cinye mana don kana tsoron bakina. Bakin nan shi ya nemo maka aiki, shi ya yi maka roƙon auren Batul.

Jiya ofishin suka rufe sunayen jirgi. Sun cire Maïmouna. Jirgi na gaba ba su san ranarsa ba, kuma sun rubuta a gaban sunan yarinyar cewa ba ta da shaida. Tun daga lokacin ko babur ya tsaya a ƙofa sai Maïmouna ta tura ta bayan labule. Ta fara rabar da tukwanenta. Na riƙe hannunta na ce ta ba ni zuwa Juma'a, na rantse mata takarda za ta fito. Ta ce to. Ban ji daɗin wannan to ɗin ba.

Ka ce kada kowa ya ji. Sun ji. Litinin aka yi sunan jaririn Chamsia a Abdulkafi, da maza suka watse na rufe ƙofa na gaya wa matan komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zaituna ta miƙe ta ce, “A fasa tsinanniyar yau ɗin nan, ni mijina yana da kanti, su suka fi sanin hanyarsa.” Rabiatou ta ce, “Ke kina da fasfo kike wannan magana. Nawa ɗan ba shi da komi duniya sai abin da ke cikin akwatin nan.” Aka kaure, har mai jego ta fara kuka. Sai tsohuwa Kadidiatou mai ɗinki ta ce da ni, “Ba kin ce kowane yaro layi guda ne ba? To mi ya hana a yanka a ba kowa nata? Wajen da unguwa take a datse a sa wuta. Ni ina da almakashi.” Zaituna ta koma ta zauna.

Daga nan na wuce gidan Dakta, ba asibiti ba. Na gaya mata abin da mijin 'yarta ya nema.  Ba ta kare shi ba, ba ta kuma zage shi ba. Ta ce Juma'a za ta zo da kanta da hatimi da man janareta.

Don haka ka sani tun yanzu, guraben nan biyu zan bar su yadda suke. Ka haɗa ni da Allah, ni ma na haɗa ka da Shi, ka gaya mini wace uwa ce ta fi wata da za a fitar da nata a bar na sauran.

Ka gaida Batul. Kai kuwa ka yi ta addu'a Juma'a ta zo da wuri.

Murja

Sukra, Sabha
Asabar

Sabiru,

Salamu alaikum.

Na'urar ta tashi. Na bi zanenka harafi harafi, suka zubo duka. Layin Kaoussara na fara bugawa, Dakta ta buga hatimi, na bar su da Kadidiatou suna yanka na ruga Abdulkafi ko mayafi ban gyara ba.

Na tarar da ƙofar Maïmouna a buɗe, ɗaki share tas. Maƙwabciyarta ta ce motocin Agadas ranar Alhamis suka tashi, direban ya ce in ba wannan ba sai wani wata. Maïmouna ta ɗora yarinyar a cinya, ta ɗaure mata baki da hanci da ɗankwali. Ta bar mini saƙo wai in yafe mata, ta gaji da jiran gaskiya.

Sauran mun gama. Kowace uwa ta karɓi nata manne a farar takarda da hatimi. Unguwa da waya mun datse daga kan waƙafi mun ƙona. Na goge fayil ɗin. Djamilou ya fasa akwatinka a gabana da guduma.

Ga takardu biyu a cikin ambulan. Ɗaya ta Nazira ce, an haife ta, ka gaya wa uwarta. Ɗayar ta Kaoussara ce, ba ni da wanda zan ba. Ka ajiye su wuri ɗaya, inda za ka riƙa gani.

Maïmouna ta ce in sun kai Dirku za ta kira. Wayata tana hannuna, ko alwala da ita nake yi a gefe. Ranar da ta kira zan rubuto maka. Kafin nan kada ka rubuto mini.

Allah ya kai su lafiya.

Murja